Ba Wannan Gashin Ba

Yayana mai aski ne, kuma tun muna yara ba shi da wata hira sai ta gashi. Idan baƙo ya zo gidanmu, mu muna kallon ledar tsarabar da ke hannunsa, shi kuwa ya zagaya bayansa yana duba masa ƙeya. Ni ce autar gidan, don haka kaina ne makarantarsa ta farko. Da almakashin ɗinkin mahaifiyarmu ya yi mini wani aski da ya sa na daɗe ban fita wasa ba. Ya sha duka ranar, amma ko a cikin kukan cewa yake yi ni ce na motsa.

Yanzu ina da jikoki, shi kuma furfura ta gama cinye masa kai, amma har yau Auta yake kirana, har yau kuma bai yarda laifinsa ne ba. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, titi ne kawai ya raba mu. Saboda haka abin da zan faɗa a nan da idona na gan shi. Wanda ya wuce ni kuma matarsa ce ta gani, ita kuwa ta fi ni ido nesa ba kusa ba.

Matar nan ta cancanci a jinjina mata. Ranar da Yaya ya fara zuwa gaishe da mahaifinta, ya manta abin da ya kai shi, ya ɓige da ba tsohon shawara a kan gemunsa, wai gefe ɗaya ya fi ɗaya cika. Ita tana jin su daga ɗaki, kuma duk da haka ta aure shi. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, babu ko ɗaya da ya gaji almakashi. Babban ma da gangan yake tara suma don ya ɓata wa ubansa rai.

Shagon ba wani abin kallo ba ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ita ma dama kawai take juyawa, in ana son hagu sai an zagayo da mutum gaba ɗaya. Akwai babban madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jira, da fankar sama da ke kwashe gashin da aka share ta mayar wa mutane a cikin shayi. A nan Yaya ya tsufa a tsaye bayan kawunan mutane, yana yi musu bayanin da ba su tambaya ba. Mutum ya shigo a gurguje a rage masa suma ya wuce wurin aiki, sai ya tashi da sanin dalilin da ya sa gashin gira ya san iyakarsa, alhali na hanci ba shi da kunya.

Da ya lura masu zama a kujerar suna yin barci kafin ya kai ƙarshen bayani, sai ya ce zai rubuta. Mun ɗauka wasa ne. Shekaru ya yi yana rubutun nan, kuma duk babin da ya gama mu ne muke fara shan sa. Da an gama cin abinci sai ya goge hannu, ya sa tabarau, ya tare ƙofa da kujerarsa. Mun sha babin furfura. Mun sha babin amosanin kai, da na saje, da na masu rina gashi su zo su rantse masa cewa haka Allah ya yi su. Babin gashin kunne ne ya sa mijin 'yarsa ya koma gaishe shi ta waya.

Ranar da ya kai wa mai buga littattafai na raka shi. Mutumin ya tambayi sunan littafin.

"Gashi," in ji Yaya.

"Gashi kawai? Baba, a ɗan ƙara masa wani abu mana. Ko a ce Gashin Ɗan Adam, ko a sa hoton kai a bango."

"Wane gashi kuma ake da shi a duniya da za a rikita? Kuma littafin ilimi ba ya bukatar hoto."

Ni ma a ranar ban ga aibun maganar ba. Haka aka buga shi, kalma ɗaya da manyan baƙaƙe a kan farin bango.

Yaya bai rubuta littafin nan don ya yi suna ba. Abu ɗaya yake so, ya kuma faɗe shi har mun haddace: wani bare, wanda bai haɗa komai da shi ba, ya karanta daga farko har ƙarshe, ya zo ya zauna a kujerar nan ya gaya masa abin da ya gani. Na ce, "Yaya, mu fa? Mu da muka sha shi a kunne har da maimaici?" Ya ce, "Ku tare muku ƙofa aka yi, Auta. Ba kwa ciki."

A daidai lokacin ne hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, sai in ya ɗaga kofin shayi ake lura. Likita ya duba ya ce ba abu ne da zai koma baya ba, gara ya ajiye almakashi tun bai yi wa wani rauni ba. Yaya ya dawo gida ya tara mu ya sha alwashi: ba zai ajiye ba sai mai karatun nan ya zo, shi Yaya ya yi masa aski da hannunsa. Ranar da ya zo, a ranar zai rufe shago. Matarsa ta yi magiya, ni na yi masifa. Duk wanda ya san Yaya ya san duka biyun ɓata yawu ne.

To, a watan da littafin ya fito, wani matashin mawaƙi ya saki waƙa. Sunanta Gashi. Kafin ka ce me ta cika gari, a motar haya ita ce, a wayar mai gyaran takalmi ita ce, har ni na kama kaina ina taka keken ɗinki da kiɗanta. Waƙar soyayya ce, saurayi yana miƙa wa budurwa duk abin da ta nema yana cewa ga shi, ga shi. Kalma biyu ce, amma yaran yanzu sun manne su wuri ɗaya, don 'yar tazarar da ke tsakani wahala take ba su.

Mai shagon littattafai ya jera na Yaya a jikin gilashi. Wani ya gani ya gaya wa wani, nan da nan labari ya gama unguwa cewa tsohon nan mai aski shi ne ya rubuta baitocin, matashin rerawa kawai ya yi.

Ba zan manta safiyar ba. Na ɗago kai na ga samari da 'yan mata cike da ƙofar shagonsa, wasu riƙe da littafin. Yaya ya leƙo ya ɗaga mini hannu, bakinsa har kunne. "Auta! Sun zo!" Na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na tsallaka.

Wata yarinya ta miƙa masa littafi ya sa mata hannu. Ya sa, a karkace. Sannan ya gyara murya.

"'Yata, wane wuri ne ya fi taɓa ki a ciki?"

"Wallahi Baba, wajen nan da ake cewa..." Sai ta lumshe ido ta fara rerawa, sauran suka amsa har da tafi, wani yana ɗauka a waya. Yaya ya tsaya da biro a hannu yana kallon bakunansu. Da suka kai aya ya duba littafin da kyau. Shafukan a manne suke da juna, yadda suka fito daga inji.

"Ba wannan ba ne," ya ce. "Ku saurara. Nawa ja ake yi. Gaaashi. Na kai. Naku kuwa murya daga ƙasa take farawa ta hau: ga, shi. Ku faɗa in ji."

Suka faɗa suna dariya, sun ɗauka sabon amshi yake koya musu. Da yamma na ji yara a layinmu suna rera waƙar da ja a tsakiya.

Gidan rediyo suka aiko a zo da shi. Ya sa sabuwar rigar da na ɗinka masa ya tafi da littafin a hammata, ni da matarsa muka zauna a shagona muka ƙure muryar rediyo. Mai gabatarwa ya zuba masa yabo, sannan ya ce, "Baba, masu sauraro suna son su sani. Wace ce wannan da ta sa dattijo kamarka ya ce ga shi?" Yaya ya ce shi a kan gashin kai ya yi rubutu, kuma in an ba shi dama zai fara da amosani. "Allah sarki, Baba yana jin kunya," in ji mai gabatarwa. "Ashe gashinta ne ya fara jan hankalinsa. Masu sauraro, ga waƙar."

Matar Yaya ta miƙa hannu ta kashe rediyon a hankali. Ta san ƙarya ne. Ita ta fi kowa sanin cewa mijinta bai taɓa kallon mace daga goshi zuwa ƙasa ba. Duk da haka da ya dawo ta tare shi a ƙofa ta ce, "Wace ce?" Ya yi kwanaki yana cin abinci ba gishiri.

Shi kansa mawaƙin ya zo, da tawagarsa da masu kyamara, rabin kansa rine da ja. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ce shi bai damu da jita-jitar ba, ta ma ƙara wa waƙar farin jini, ga shi yana son ya ɗauki bidiyo a shagon. Yaya ya miƙa masa littafin da hannu biyu. Yaron ya auna nauyinsa a tafin hannu ya ce, "Kai, Baba, duk wannan? Ka ɗan taƙaita mini a murya ka turo." A bidiyon an ga Yaya a can baya yana kallon jan gashin nan kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ana cikin haka wasu ƙarti biyu suka sauko da mahaifiyarsu daga mota suka ɗora ta a kujerar aski. Gwiwa ce ke damunta, a asibiti an ce a kai ta gashin ƙashi, wani kuma ya ce musu ai ga wanda ya rubuta littafi guda a kan gashi. Yaya ya yi bayanin ja da rashin ja har ya gaji. Tsohuwar ta ce ita dai ba za ta koma mota haka ba. Tawul ɗin da yake ɗumamawa don gyaran fuska yana kusa, sai ya ɗora mata a gwiwa don a rabu lafiya. Ta ce tun da aka fara yawo da ita ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ta turo masa ƙawayenta.

Sai kuma aka gano akwai wani littafin mai suna Gashi, na wani kuku da ke aiki a otal, a kan yadda ake gasa nama da kifi da kaza. Ya riga na Yaya fitowa, kuma ana sayensa. Mai shagon littattafai, wanda ba ya buɗe abin da yake sayarwa, ya haɗe su a kanta ɗaya. Wata mata ta zo har shago ta dangwarar da na Yaya a kan benci.

"Shafi biyu na karanta," ta ce, ta juya.

Yaya ya bar kan da yake yi rabi, ya biyo ta har bakin titi da mataji a hannu. "Shafi biyu! Baiwar Allah, me kika gani a ciki?"

"Ban ga kaza ba."

Na wasan kwaikwayon ne ya fi ƙona mini rai, don da ni aka je. Wata ƙungiyar 'yan wasa ta manna takardu a bangon titi: Gashi, a babban zauren taro. Yaya ya ce tabbas wannan karon nasa ne, wani ya karanta ya mayar da shi wasa. Na ce, "Yaya, wa zai fito a amosani?" Bai kula ni ba. Mai tsaron ƙofa ya gane shi daga bidiyon mawaƙi, ya kai mu layin gaba da kansa.

Wasan a kan wani ɗan haya ne da mai gidan ke gasa masa aya a hannu. Daga farko har ƙarshe mutum ɗaya ne a kan dandamali, zaune ƙarƙashin kwanon rufi yana zufa yana cewa wayyo. Fankokin zauren ma da gangan aka kashe su, wai don 'yan kallo su ji abin da yake ji. Mun ji. Da aka ja labule mutane suka miƙe suna ihu a fito musu da wanda ya rubuta. Wanda ya rubutan, da yake mai hankali ne, ya riga ya bi ta ƙofar baya. Mai tsaron ƙofa ya nuna Yaya.

Na riƙe masa riga, ya fizge ya hau. Robar ruwa ce ta fara sauka, sai ɓawon lemo, sai takalmi wari ɗaya. Ya tsaya a tsakiya, ya ɓoye hannun nan mai rawa a aljihu, ya jira hayaniyar ta ɗan lafa, sannan ya ce, "Jama'a, ba ni ba ne. Amma tunda ga ku a tare, ko akwai wanda ya karanta na kai? Mai ja?" Sai ɗayan warin takalmin ya iso.

A hanyar gida ina ta zazzaga masa masifa, shi kuwa yana cewa wanda ya jefo takalmin yana da makero a gefen kunne, ya kamata wani ya gaya masa. Na kau da kai, don kuka ne ya taso mini kuma ba na son ya gani.

Washegari ya ɗauki jan biro ya tafi shagon littattafai, ya bi duk kwafin da ya rage yana ƙara masa harafin a a tsakiya. Da hannun nan nasa, kowane harafi ya fito kamar ƙudan da aka murƙushe. Mutane suka ɗauka kashi na biyu ne ya fito, suka ce sai sun fara samun na farko.

Duk wannan abin dariya ne in da hannun ya tsaya inda yake. Bai tsaya ba. Layin goshin da Yaya ke fitarwa a miƙe ya fara hawa da sauka. Tsoffin kwastomominsa suka koma bi ta ɓangarena na titi, da sabon askin wani wuri a ƙarƙashin hula, suna gaishe ni ƙasa-ƙasa. Wani tsohon direba ne kaɗai bai gudu ba. Ranar da reza ta taɓa masa kunne, shi ne ya riƙa ba Yaya haƙuri yana danne wurin da auduga. Matar Yaya ta wanke tawul ɗin da kanta, ta shigo shagona ta zauna a kan tulin yadi ta ce, "Auta, yau kunne ne. Maƙogwaro fa yana nan kusa."

Sai muka ƙulla. Akwai wani malamin makaranta da ya kama haya a bayan layinmu, sabon zuwa, Yaya bai san shi ba. Muka zaunar da shi muka ba shi littafin a baki, ni babi ita babi, tunda a kanmu yake. Na yi masa alkawarin ɗinkin wando. Ya ce a bar masa sauran, shi da ke duba jarrabawa.

Ya shiga shagon yana rungume da littafin. Yaya ya kaɗe masa kujera har da hurawa, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya tsaya a bayansa. Ni ina bakin ƙofa, wai na zo aron almakashi.

"Baba, wannan littafi ya ilimantar, ya faɗakar, ya kuma nishaɗantar," in ji malamin. "Babin furfura kuwa, sai dai a ce Allah ya ƙara basira."

"Amin. Ina na yi kuskure?"

"Kuskure? Ai babu, Baba. Ko ɗigo."

"Ba inda ya ba ka haushi? Ba inda ka ce tsohon nan ya cika surutu?"

"Haba Baba, wane ni."

Yaya ya kwance ƙyallen a hankali ya ninke. "Tashi, ɗana. Ba wanda zai zauna da ni na tsawon littafi guda bai ji haushi ba. Tambayi ƙanwata." Bai waiwayo ba, ta madubi ya kalle ni. Wandon dai na ɗinka, don alkawari ne, amma na matse shi a cinya.

Bayan wannan jikin Yaya ya yi sanyi. Ya buɗe shago, ya share, ya zauna a bencin masu jira shi kaɗai. Masu ciwon gwiwa ne kawai ke zuwa, su kuma ba karatu ne a gabansu ba.

Wata rana da tsakar rana na ga wani ƙato ya tsallako titi ko mota bai duba ba, da doguwar farar hula a kai da farar riga mai tabon mai. Tafiyarsa ta mai neman faɗa ce. Na ɗauki dutsen guga na bi bayansa.

"Kai ne ka sace mini suna?" ya ce tun daga ƙofa. Warin hayaƙi da albasa ya cika shagon. Kukun otal ɗin nan ne, mai ɗaya littafin. Ya zaro na Yaya daga aljihu ya buga a gaban madubi. Littafin ya kumbura, gefensa duk yatsun mai, kusurwoyin shafukan a lanƙwashe.

"Nawa ja ake yi," in ji Yaya, ba ƙarfi, ko tashi bai yi ba.

"Ja ko turawa, ba ruwana. Mata suna biyo ni har kicin suna zagina, wai sun sayi littafina sun tarar da gashin hanci. Na ce wannan ɓarawo ne, in ya saci suna ya saci na ciki. Na zauna na bi shi layi-layi ina neman inda ka kwafe ni."

"Ka samu?"

"Ko albasa babu! Na ce ɓoyewa ya yi, na sake komawa farko."

Yaya ya miƙe tsaye. "Ka sake? Har ƙarshe?"

"Har sunan wanda ya buga. Kuma bari in gaya maka, malam, ba ka iya tsayawa ba. Babin furfura rabinsa ya isa. Labarin alƙalin nan da ya yi barci a kujerarka sau biyu ka ba da shi, a na farko gemu ka aske masa bisa kuskure, a na biyu gashin baki. Wanne ne?"

"Gemu," in ji Yaya. "Gemu ne."

"To ka gyara. Na gashin kunne ya sa ni dariya har kifi ya ƙone mini, manaja ya yi mini faɗa, wannan ma laifinka ne. Sunan da ka ɗauka ma in ka so na yafe. Ga wanda ban yafe ba."

Ya cire hular. Kansa fes, ko sili ɗaya babu. Ya buɗe littafin inda ya fi shan lanƙwasa ya dangwala yatsa.

"Babin sanƙo. Ka ce wanda gashinsa ya zube yana baƙin ciki na ɗan lokaci, daga nan sai ya saba, har ya manta ya taɓa samu. Wa ya gaya maka?"

"Haka suke ce mini."

"Haka za su ce maka mana, kana tsaye a kansu da cikakkiyar suma! Ni tun ina saurayi nawa ya tafi. Har yau in na fito wanka sai hannuna ya je neman mataji. In iska ta kaɗa sai na kai hannu in gyara abin da babu. In na bi ta gaban shagon aski na ji ƙarar almakashi, sai in rage tafiya kamar wani wawa. Ƙarya ka rubuta. Ka yi rubutu a kan rashi, kai da ba ka taɓa rasa komai ba."

Na ajiye dutsen guga a kan benci. Yaya ba kukun yake kallo ba, hannunsa na dama yake kallo, yana ta karkarwarsa a gefen riga.

"Wato ba a sabawa," ya ce.

"Ba a sabawa. Mutum dai ya sa hula ya fita."

Yaya ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin murna da tsoro a fuska ɗaya kamar ranar ba. Wanda ya daɗe yana jira ya zo, kuma ni da shi mun san abin da ya ce zai yi in ya zo. Ya kaɗe kujera.

"Zauna in yi maka aski."

"Kai tsoho, zolayata kake yi? Askin me?"

"Alwashi na sha. Zauna."

Kukun ya dube ni. Na ce, "Bawan Allah, zauna kawai, ba a cin Yaya da gardama." Ya zauna yana ƙunƙuni. Yaya ya ɗaura masa ƙyalle, ya fesa masa ruwa, ya ɗauki mataji da almakashi. Sannan ya fara, a saman kan, a cikin iska, daidai inda suma za ta kai in da akwai ta. Ya ɗago abin da babu da mataji, ya datse. Hannun yana rawa, amma babu abin da zai ɓata. Ya bi gefe, ya gangara ƙeya, ya ja da baya ya karkata kai ya duba, ya dawo. Da farko kukun yana ta huci yana cewa zai makara. Can sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya rufe ido yana sauraren almakashin a gefen kunnensa.

Matar Yaya ta iso da kwanon abincin rana ta tsaya a bayana. Ta ga littafin da ya sha mai, ta ga mijinta, ta kama hannuna ta matse.

Da ya gama ya kaɗe masa wuya da buroshi, ya ɗauko ƙaramin madubi ya nuna masa baya.

"Ya yi?"

Kukun ya buɗe ido, sun yi jawur. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya daɗe yana dubawa. Ta cikin madubin ya kalli hannun Yaya, ya kalli bencin da babu kowa a kai.

"Bai yi ba," ya ce. "A ɗan ƙara rage gefen nan."

Yaya ya sake ɗaga almakashin. Abincin ya huce a hannun matarsa, kuma babu wanda ya ce masa ya yi sauri.